Mushe Zakariya'u ya je godiya da gudu

Likitan da ya sa Mushe Zakariya'u gudu shi ne ya hana shi, shi ne kuma daga baya ya rantse bai taɓa hana shi ba. Dokta Mahamud ke nan, abokinsa tun suna ƴan lakwal, wato makarantar boko, mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba, amma yana rubuta wa jama'a gudu kamar mai rubuta maganin zazzaɓi.

Zakariya'u malamin tarihi ne a wata lise, wato babbar sakandare, cikin garin Damagaram, inda ake kiran malamin boko Mushe. Ya doshi hamsin, tumbi ya fito, tansiyo ya hau, hawan jini ke nan. Da aka ce ya riƙa motsa jiki, sai ya je kasuwar Dole ya sayo takalmin gwanjo da gajeren wando, ya fara fita bayan sallar asuba, yana bi ta bayan gidajen unguwarsu ta Kara-Kara har ya kama hanyar Takieta. Ya fara ne da niyyar ya tsani abin, ya koma ya gaya wa likita an gwada bai yi ba. Sai abin ya ci amanarsa, ya yi masa daɗi.

Ba lafiyar ce ta yi masa daɗi ba. A garin nan mutum ba ya isa bakin titi daga ƙofar gidansa sai ya ba da bayanin kwanansa, da gajiyarsa, da iyalinsa, da aikinsa, ga duk wanda Allah ya tsayar a hanya. A lise yara na jiransa da tambaya, a gida matarsa Lubabatu na jiransa da amsar tambayar da bai yi ba. Amma mai gajeren wando da ke gudu ba a gaishe shi. Wasu sun ɗauka tsohon soja ne, wasu sun ɗauka karatu ne ya taɓa shi. Ko wanne suka ɗauka, sun ƙyale shi. A duk yininsa, wannan ɗan lokacin ne kaɗai ba wanda ke jiran ya buɗe baki.

Sai ƙirji ya fara. Ba lokacin da yake gudun ba. Sai ya tsaya, ya dafa ƙugu yana jin kansa namiji, sannan wata ƴar sarewa ta tashi a cikin haƙarƙarinsa, numfashi ya riƙa shiga ta ƙofar da ba ta fi ta allura ba. Bai gama fahimtar wannan ba gwiwar hagu ta shigo da tata ƙarar. Su biyun kuma ba su yarda da juna a kan komai ba. Gwiwa tana son rairayi, amma inda rairayin yake nan ake ƙona shara, ƙirji kuwa ba ya son hayaƙi. Ƙirji na son kwalta inda iska take, gwiwa na jin kowane taku a kwalta kamar an sa mata guduma. Ƙirji na son a fara a hankali a daɗe, gwiwa na son a yi a gama. Ya yi shekaru yana koya wa yara yadda dauloli ke rushewa daga ciki, bai taɓa zaton za a maimaita masa darasin a jikinsa ba.

Wata safiya a ƙarshen damina su biyun suka shirya, karo na farko, suka kayar da shi tare. Wani mai amalanken jaki da ya ɗauko ciyawa daga ƙauye ya tsince shi a kan dutse yana haki, ya ɗora shi bisa ciyawar, ya shigo da shi unguwa a hankali daidai lokacin da kowa ke ƙofar gida. Nomau maƙwabcinsa, tsohon mai gadin wani buro, wato ofis, da ya aje aiki bai kuma san inda zai aje bakinsa ba, shi ya raka jakin har ƙofa yana yi wa mutane bayani.

Daga ranar Zakariya'u ya zama marar lafiya, muƙamin da ba a nemansa, ba a kuma sauka daga kansa don an ga dama. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure. Ƴan dubiya suka riƙa shigowa, kowa da sannunsa da maganinsa: man kaɗanya, zuma, tafarnuwa, wani gari a ƙunshin takarda da mai shi ya ce kar a tambayi sunansa. Liman ya ambace shi a addu'a. Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifinsa, wadda rabonta da fita daga unguwar Birni har an manta, ta hau babur ɗin kabu-kabu a karkace ta zo, ta zauna a gefen katifar tana kallonsa kamar an riga an gama. Yayansa Idirisu, bulama, wato mai garin ƙauyensu can wajen Damagaram Takaya, ya iso da zabi biyu da jakar kayansa, jakar da ke nuna ba gobe zai koma ba.

Sai da zaure ya watse Idirisu ya gyara zama ya fara bincike, yadda yake yi in shanu sun shiga gona.

"Wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To me ka biyo?"

"Ba komai."

"Ba a koro ka ba, ba ka biyo komai ba. Ina za ka?"

"Gida zan dawo."

"Daga ina?"

"Daga gida."

Idirisu ya daɗe yana kallon ƙanen da Baba ya sayar da rago ya kai lakwal. Ya ce, "To an yi na ƙarshe. In ƙafa ce ke yi maka ƙaiƙayi, ga gona can, gero na jiran yanka."

Da kumburin gwiwa ya sace, Zakariya'u ya lallaɓa wurin Dokta Mahamud, yana fatan a ba shi hukunci ɗaya, ko wane iri ne.

"Ranar nan ka ce in daina."

"Ni? Yaushe? Na ce ka huta."

"Ka ce in na ƙara sai dai a kawo ni a kwance."

"A ranar haushinka nake ji. Ka ci gaba, tansiyonka ya sauka, kar ka ɓata mini aiki."

Ya ba shi wata ƴar shuɗiyar kwalba ta shaƙa, ya ce ya shaƙa kafin ya fita, ya kuma riƙe ta a aljihu duk inda za shi. Ya ba shi safar roba ta ɗaure gwiwa. Ya ce ya fara a hankali, kar ya tsaya farat ɗaya, in ya ji ciwo ya tsaya.

"Kar in tsaya, kuma in tsaya."

"Ya danganta."

"Da me?"

"Da wanda ke ciwon."

"In su biyun ne fa?"

"Ka saurari jikinka, Zakari."

"Mahamud, jikin nan bakinsa biyu."

Likita ya yi dariya, ya kira na bayansa.

A gida ya sa kwalbar a aljihun gajeren wandon don kar ya manta, ya rataye shi a ƙusa, ya sanar da Lubabatu cewa gobe zai koma. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Gobe ina?"

"Gudu. Likita ya yarda."

"Likita ne ya zauna a zauren nan? Mutane sun bar sana'arsu sun zo, an yi maka addu'a a masallaci, Gwaggo har da ƙwalla. Gobe su gan ka gwiwa a waje kana tsalle kamar ɗan akuya, me ka mayar da su? Sai ka zaga gida gida ka yi godiyar dubiya tukuna, su ga ka miƙe da idonsu, su sallame ka. Ka fara da Gwaggo. Maganar gudu kuma ai Yaya ya riga ya rufe ta."

"Ni ba yaro ba ne, Luba."

"Shi ya sa abin ya fi muni, Baban Raudatu."

Ya zauna ya yi tunani irin na masu digiri, wanda ke haɗa abu biyu masu kyau ya fitar da na uku. Daga Kara-Kara zuwa gidan Gwaggo a Birni kusan tsawon da ya saba gudu ne. In ya isa wurinta da gudu, ba sai ya ce ya warke ba, ta gani. In Gwaggo ta ce ya warke, Idirisu da bulamancinsa ba shi da ta cewa, don ita ta goya shi. Ga godiya, ga gudu, ga shaida, duk a fita ɗaya. Matsala ɗaya ce: ba a tsayawa gaban ƙanwar uba da gajeren wando. Ya warware wannan ma. Zai sa farar shaddarsa ta Juma'a da hula, safar gwiwa a ƙarƙashin wando, takalmin gudu a ƙafa. Kuma ba da asuba ba, don ba a buga wa tsohuwa ƙofa da duhu. Da hantsi.

Washegari Idirisu ya tafi kasuwa neman lauje, Lubabatu na bayan ɗaki tana wanki. Zakariya'u ya karya hula, ya fita, ya bar gajeren wando a ƙusa da abin da ke aljihunsa.

Tun a kwanar farko ya ga yau daban take. Mai shayin da ya saba wucewa ba ko kallo, ya miƙe tsaye da ludayi a hannu. "Mushe, lafiya?" Zakariya'u ya ɗaga masa hannu, don numfashin da zai amsa da shi yana da wani aikin. Wani dattijo a kan benci ya cire carbi daga aljihu. Samarin da ke ɗaga ƙarfe a gefen hanya suka aje ƙarfensu. Wani ɗan kabu-kabu ya biyo shi a hankali yana cewa, "Alhaji hau in kai ka, don Allah hau, ba sai ka ba ni komai ba." Ya girgiza kai. Ya ji wata mata ta ce inna lillahi, ya ɗauka mamakin warkewarsa take yi, har ya ɗan ƙara sauri.

Shekaru yana karanta tarihin garin nan, amma bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa babban mutum da babbar shadda da hula ba ya gudu a cikinsa sai don abu biyu, gobara ko rasuwa. Ba a ga hayaƙi a bayansa ba.

Ya shiga lungunan Birni, ya zagaye duwatsun, gwiwa na ta yi masa gargaɗi yana yi mata alkawari. A zauren Gwaggo ya tsaya farat ɗaya, yadda aka ce kar ya yi. Ya buɗe baki zai yi sallama, sarewar ta riga shi.

Gwaggo Hajara na zaune kan tabarma a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗago ta ga ɗan wanta da farar shadda jiƙe da gumi, hula a karkace, ido jawur. Ya tako gabanta zai durƙusa ya gaishe ta, yadda ya saba tun yana yaro. Gwiwa ta ce ita ta gama. Ya zube gaba ɗaya a gabanta, goshi a kan tabarma.

"Zakari! Wa?"

Ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu. Ba kwalba. Ya buga ƙirji da hannu, ya nuna yamma, inda gida yake, inda ƙusa take.

"Idirisu?"

Ya girgiza kai. Idirisu bai san inda komai yake ba.

"Yaran?"

Ya girgiza kai.

"Lubabatu?"

Ya gyaɗa kai da duk ƙarfin da ya rage masa. Lubabatu, ƙwarai, a kira ta, ita ta san wandon. Ya tattara iskar da ta samu shiga ya ce, "Lu... ba..." sannan murya ta ɗauke.

Gwaggo ta ture faifan gyaɗa ta saka salati.

Kafin ya sake samun numfashin kirki gidan ya cika. Mata suka shigo suna gyara mayafi. Wani malami maƙwabci ya durƙusa kusa da shi yana dafa kafaɗarsa, yana ce masa ya yi haƙuri, ya zama namiji, dukanmu can za mu. Aka yayyafa masa ruwa. Duk lokacin da ya yunƙura zai tashi sai a danne shi da tausayi. Duk lokacin da ya girgiza kai sai wata ta ce, "Wayyo, bai yarda ba har yanzu." Ya ji ana cewa mace ce mai kirki, ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Ya yi ƙoƙarin gane wace ce ake nufi, don bayanin bai yi kama da wadda ya sani ba. Da ya gane, sai ƙirjin ya ƙara rufewa, wannan karon da dalili.

Wayoyi suka yi aikinsu. Aka kira Idirisu a kasuwa, Idirisu ya kira ƙauye. Aka kira darektan lise. Ba wanda ya kira wayar Lubabatu, don ba a kiran mamaci.

A Kara-Kara, Lubabatu ta gama shanya ta ji ana jan benci a ƙofar gida. Ta yafa mayafi ta leƙa. Nomau ne, ya aro tabarmin masallaci yana shimfiɗawa a inuwar bango, har wasu maza sun fara cire takalmi.

"Malam Nomau, wa ya rasu?"

Nomau ya juyo da tabarma a hannu. Ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya kalli inuwarta.

"Ke, aka ce."

"Ni?"

"Haka mai shayi ya ce an bugo daga Birni. Mushe da kansa ya kai labari, da gudu."

"Da gudu," in ji Lubabatu.

Ta koma ciki. Ba takalmi a bakin ƙofa, ba farar shadda a akwati, ga gajeren wando a ƙusa. Ta sa hannu a aljihun ta ciro kwalbar. Ta fito ta ratsa ta tsakiyar masu zaman makokinta, ta ce musu sannunku da zuwa, ta tare kabu-kabu.

Shigarta gidan Gwaggo ya fi fitarta daga duniya tayar da hankali. Wata ta bar takalmi ta haura turmi. Lubabatu ba ta kula kowa ba. Ta durƙusa gaban mijinta, ta girgiza kwalbar yadda ta ga ya gwada, ta sa masa a baki.

"Shaƙa, Baban Raudatu. Shaƙa ka samu numfashin da za ka yi mini bayani."

Ya shaƙa. A hankali ƙofar allurar ta fara buɗewa. Gwaggo ta miƙo hannu ta taɓa damtsen Lubabatu, ta matsa.

"Ashe kina nan."

"Ina nan, Gwaggo. Ina kwana?"

"Na yi miki kuka mai kyau, ƴar nan. Tun rasuwar wana ban yi irinsa ba." Ta juya ga Zakariya'u, wanda ya samu zama ya miƙe ƙafar hagu. "Kai kuma me ya kawo ka?"

"Godiya, Gwaggo," ya ce da ƴar muryar da ta dawo. "Godiyar dubiya. Na warke."

Gwaggo ta kalli ƙafar, ta kalli kwalbar, ta kalli gyaɗarta da aka tattake. Ta sunkuya ta fara tsintar gyaɗar. Ita ce shaidar da ya yi gudun dominta.

Mutanen ƙauye sun riga sun taso a bayan wata mota mai ɗaukar buhuna, waya ba ta same su a hanya ba. Suka iso bayan azahar, suka tarar da mamaciya tana dafa musu shinkafa. Da yake sun riga sun zo, sai suka ci, suka yi wa Zakariya'u sannu da jiki, abin da ya sa jerin gidajen da zai je godiya ya ƙaru har ya fita daga gari.

Da la'asar Idirisu ya zauna shari'a a zaure. Nomau na gefe a matsayin wanda ya ga komai, Lubabatu na bakin ƙofar ciki a matsayin wadda abin ya faɗa wa.

"Na hana, ka yi," in ji Idirisu. "Ka kashe matarka, ka kusa kashe Gwaggo, ka tayar da ƙauye ana tsakiyar aiki. Faɗi abin da zai hana in sa takalmin nan a jakata."

Zakariya'u ya nemi hujja a cikin duk karatunsa. Ya so ya ce gudun ne kaɗai lokacin da yake shi kaɗai, amma ba a gaya wa wanda ya bar gonarsa ya zo ya zauna da kai cewa kaɗaici kake nema. Sai ya ce, "Likita ne ya ce."

"Kira shi."

Aka kira Dokta Mahamud, aka buɗe muryar wayar. Ya riga ya ji labari, sai da aka jira ya gama dariya.

"Likita," in ji Idirisu, "in bai yi gudun nan ba, mutuwa zai yi?"

"Kowa ma zai mutu, Bulama."

"In ya yi fa?"

"Zai fi daɗewa, in ya bi a hankali."

"Ƙirjin fa?"

"Gudun ke tayar da shi, amma in ya daina sai ya fi lalacewa."

"Gwiwar?"

"Ta huta, amma kar ta zauna."

Idirisu ya miƙa wa ƙanensa wayar da yatsa biyu. "Tare kuka yi lakwal da wannan?"

"Aji ɗaya."

"Na ji alama."

Idirisu ya shafa gemu. Ya ce shi bai san ƙirji ba, bai san gwiwa ba, masu su ma ga dukkan alamu ba su sani ba. Abin da ya sani shi ne mutum in yana gudu labari ya ɗauko, kuma duk wanda ya gan shi yana da haƙƙin a gaya masa labarin. In ba a gaya masa ba zai ƙirƙiro nasa, ga shi an gani. Saboda haka ba zai ƙwace takalmi ba, tunda likita ya ce akwai rai a ciki. Amma ba za a sake gudu ba bayani ba.

"Yaya, da gajeren wando ba wanda ya taɓa damuwa."

"Da ke nan," in ji Lubabatu daga bakin ƙofa. "Yanzu ko ba wando ka fita, ni za a zo wa gaisuwa."

Nomau ya yi gyaran murya. Ya ce shi yana da keke, kuma tun da ya aje gadi barcin safe bai dawo masa ba. In Bulama ya yarda, sai ya riƙa shiga gaba yana sanar da mutane. Don zumunci kawai.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Idirisu. "An gama."

Zakariya'u ya kalli Lubabatu. Ta ce a cikin duk abin da aka faɗa yau, wannan ne kaɗai ta gane. Ya rasa ko ya ci shari'ar ne ko an kayar da shi. Aka ce ya yi godiya, ya yi.

Da gwiwa ta sake sacewa, bayan ya zaga gidajen unguwa a ƙafa yana gaisuwa daga tsaye yana ba da haƙurin rashin durƙuso, ranar ta zo. Ya idar da asuba, ya shaƙa, ya ɗaure safa, ya taɓa aljihu. A ƙofa Nomau na jira a kan keke, ya gyara ƙararrawa, ya sa tsohuwar hular gadinsa.

"Lafiya lau, jama'a!" Ƙararrawa. "Motsa jiki ne, ba wanda ya rasu! Madam ma tana lafiya!"

Hankalin mutane ya kwanta, kuma mutumin da hankalinsa ya kwanta gaisuwa yake yi. Mai shayi ya tambayi jiki. Dattijon benci ya tambayi gwiwa, sannan ya tambayi Bulama ko ya isa gida lafiya. Wata mata ta ce a gaida Lubabatu da dawowa. Da farko Nomau ke amsawa a madadinsa, amma ba a amsa gaisuwa ta bakin wani alhali mai ita na wurin, sai ga Zakariya'u yana rarraba numfashinsa, rabi ga gudu, rabi ga alhamdu lillahi. A bakin masallaci Nomau ya sauke ƙafa ya tsaya ba wa wani da bai ji labarin ba labarin tun daga amalanke. Zakariya'u ya rasa yi: an ce kar ya tsaya farat ɗaya, an ce kar ya wuce mai sanarwa. Ya riƙa zagaye keken a hankali har aka kai ƙarshen labarin.

Suka wuce gidajen ƙarshe, hanyar Takieta ta miƙe a gabansu, gero a tsaye hagu da dama yana jiran yanka. Ba hayaƙi, gefen kwaltar kuma da ƴar ƙasa mai laushi. Ya saurari ƙirji, shiru. Ya saurari gwiwa, shiru. Bai san me ya yi daidai ba, balle ya maimaita gobe.

Nomau ya rage gudun keke ya dawo daidai kafaɗarsa.

"To Mushe, nan ba kowa, ba wanda zan sanar wa. Sai mu yi hira. Na taɓa ba ka labarin darektan da ya kulle kansa a buro?"

Zakariya'u ya ɗan ƙara sauri. Keke ya ƙara.

"Kana ji na, Mushe?"

Ya ce yana ji.